Kalangun da Na Kai wa Kawu

Ranar da na isa gidan Kawu Sabo a Guangzhou, na buɗe akwatina a tsakiyar falo na raba saƙonni. Anti Rabi, matarsa, ta karɓi kuka da daddawarta tana shinshinawa. Kawu ya gwada hular da Umma ta aiko masa a gaban madubi. Sai ya rage wani dogon ƙunshi a cikin zanin gado mai ruwan ƙasa. Kawu bai kwance shi ba. Ya ɗora hannu a kai, ya ji siffarsa ta cikin zanin, tsakiya siriri, baki biyu masu faɗi, sai ya janye hannunsa.

"Wa ya ce ki zo da wannan?"

"Baba Tsoho ne."

Baba Tsoho kakana ne, shi ya haifi Umma da Kawu. Tun yana saurayi yake yi wa mahautan unguwarmu kiɗa a Kano, kamar yadda ubansa ya yi, har hannunsa ya fara rawa ya daina fita. A gidanmu kalangu ba ya zuwa hannun bare, daga uba sai ɗa, kuma Kawu ne kaɗai ɗa namiji. Da aka ce Kawu zai ɗauke ni in yi karatu a wurinsa, saboda ba su da haihuwa kuma Anti tana wuni ita kaɗai, sai Baba Tsoho ya ba ni kalangun da saƙo.

Na faɗi saƙon kaina a ƙasa, yadda na haddace shi. "Ya ce ba ya neman ka bar kasuwarka. Taken gidanmu kawai yake so ka kaɗa masa sau ɗaya ta waya, ya ji da kunnensa cewa ya sauka a hannunka."

Kawu ya cire hular ya ninke ta biyu.

"Ki kai shi ɗakinki. Kada kowa ya gani."

Shekarata goma sha huɗu a lokacin, kuma ban iya tambayar manya dalili ba. Na tura shi ƙarƙashin gado.

Gidan yana hawa na goma sha bakwai. Tagar ɗakina tana kallon bangon wani bene, kusa ƙwarai, har ina iya ganin wata tsohuwa tana shanya safa a kan sanda. Makonnin farko ba na iya bambanta safe da yamma, domin rana ba ta shigowa tsakanin benayen. Kiran salla sai a waya. Abin da ya fi damuna shi ne shiru. Gari ne cike da ƙarar mota, amma babu mai tallan komai da baki, babu akuya, babu wanda ke kiran sunan wani daga nesa. Idan kewa ta taso mini sai in zura hannu ƙarƙashin gado in taɓa ƙunshin. Akwai 'yan tsakuwoyi a cikin kangon, wato itacen kalangun, idan na ɗan motsa shi sai su yi ƙara.

Baba Tsoho ya koya mini yadda zan kula da shi kafin Kawu ya karɓa. Ya ce babban maƙiyin kalangu bushewa ce. Duk sabon wata in shafa wa fatar baki biyun man shanu, in bi tsarkiyoyin ɗaya bayan ɗaya, wato igiyoyin fatar da ake matsewa a hammata don kalangu ya yi magana. Sannan in naɗe shi in sa a leda in ɗaure bakin, kada iska ta shanye shi. Har kwalbar man ya ba ni. Ban taɓa tsallake wata ba. Ina duba kalandar Musulunci a wayar Anti, tunda watan kansa ba a ganinsa.

Makarantar da aka sa ni tana da nisa, mota biyu ake shiga. Ni kaɗai ce baƙa a ajinmu. Ba su zage ni ba, kallona dai suke yi, wasu su taɓa bakin hijabina idan sun ɗauka ban lura ba. Yarinyar da muke zama tare takan zare kwanon abincina ta duba, idan ta ga abin da ba ta yarda da shi ba sai ta girgiza kai ta mayar wa mai rabo. Ba mu taɓa yin hira mai tsawo ba, amma ita ta hana ni cin alade sau da yawa.

A wata na uku aka yi ranar al'adu. Malama ta kawo mini wata ganga ta roba mai zanen raƙumin dawa, ta ce tunda daga Afirka nake, in kaɗa in yi rawa. Na juya gangar na ga tambarin masana'antar garin a gindinta. Aka tsayar da ni a gaban aji. Na buga sau biyu, ta yi ƙara kamar bokiti. Na tsaya ina kallon takalmina har malama ta fara tafi don ta cece ni. A mota ina komawa gida na yi ta tunanin abin da ke ƙarƙashin gadona, da abin da zai faru in da mai shi ya tsaya a gaban wannan ajin minti biyar.

Ranar Asabar Kawu kan tafi da ni ofishinsa a benen Tianxiu, inda yake haɗa wa 'yan kasuwa kaya yana tura musu gida. Nakan zauna bayan kwalaye in yi aikin makaranta, kunnena yana waje. A nan na san Hausa kala-kala ce. Malam Isufu, ɗan Nijar mai ofishin da ke kallon namu, ba ya cewa i, sai "awo", kuma da Faransanci yake faɗa da direbobi. Mutanen zangon Gana suna magana kamar suna sauri su kama mota. Kowa da waƙar garinsu a waya, kowa ya rage murya. A wannan benen sunan Kawu Alhaji Sabo, kuma na ji da kunnena yana gaya wa wani baƙo cewa mahaifinsa harkar shanu yake yi. Ba ƙarya ce tsantsa ba. Inda ake yanka su yake tsayawa.

Matan kuma littattafai ne suka haɗa su. Anti tana da kwali guda na littattafan Hausa da ke yawo gida-gida. Sun sha hannu har wasu sun rasa shafukan ƙarshe, sai wadda ta karanta tun a gida ta ba da ƙarshen da baki, wata ta ce ƙarya ne, ba haka aka gama ba. Ni ce mai kai su da karɓowa, domin ba na tsayawa surutu.

Wata Lahadi da rana aka yi suna a wani gidan abinci da ke saman bene a Xiaobei. An yi tuwo da miyar kuka, an yi waina. Aka kunna waƙa a wata 'yar na'ura, mai gidan abincin, Basine ne, yana leƙowa yana nuni da hannu a rage. Mata suka yi da'ira suna rawa a hankali, ba guɗa, ba buga ƙafa, saboda na hawan ƙasa. Kamar a mafarki.

Malam Isufu ya ce, "Wallahi suna ba kiɗan hannu kamar an yi baƙo ba a ba shi ruwa ba. Duk garin nan a rasa mai kalangu ɗaya?"

Alhaji Mudi, wanda shi ne babba a cikin mutanen Kano, ya ce, "Ai maroƙa ba sa samun biza, Isufu. Da sun samu da ba mu sha iska ba. Ka fito daga kwantena a bi ka da kirari."

Aka yi dariya. Kawu ma ya yi. Amma ina zaune a bayansa, na ga gorar ruwan da ya maƙale a hammatarsa ta hagu. Yana matse ta yana saki, yana matse ta yana saki, daidai da waƙar, har robar tana ɗan kuka. Bai san yana yi ba.

Duk Lahadi da la'asar muke kiran gida, lokacin su safiya ce. Bayan Umma sai a miƙa wa Baba Tsoho.

"Amaryata, ko kin samu wani ɗan Sin ne kin manta da tsohon mijinki?"

"A'a, Baba."

"To ya karɓa?"

"Aiki ne ya yi masa yawa."

"Aiki. Wata huɗu ke nan aikin nan bai ƙare ba. An kai mini amarya ƙasar Sin ta koyo rufa-rufa." Sai ya yi dariya har tari ya kama shi. "Kina shafa masa man?"

"Ina shafawa."

Idan aka zo kan Kawu, gaisuwa ce kawai, da maganar magani da buhun shinkafa. Baba Tsoho bai taɓa tambayarsa kai tsaye ba, shi ma bai taɓa ɗauko zancen ba. Ta kaina maganar take bi, ta je ta dawo.

Cikin sanyi ne asirin ya kusa tonuwa. Na fito da kalangun ina shafa masa mai, ban rufe ƙofa da kyau ba, sai ga matar Alhaji Mudi ta zo karɓar littafi ta leƙo.

"Ikon Allah. Kalangu a gidan nan?"

Anti ta yi saurin cewa samfur ne, wani kwastoma ke so a buga masa irinsa a masana'anta. Matar ta ce to, amma ta ƙara kallonsa, domin maratayinsa ya yi baƙi da gumin shekaru, ba wanda zai ce sabo ne. Da Kawu ya dawo ya ji, bai yi faɗa ba. Ya ce gobe da safe zai sa shi a ɗan ɗakin ajiya da ke gefen baranda ya kulle.

Na ga ban san ranar da zan sake taɓa shi ba. Don haka kafin in tafi makaranta na juye kusan rabin kwalbar man a kansa, na cika fatar har tana ƙyalli, na jiƙa tsarkiyoyin. Na naɗe shi a zanin gadon, na sa a leda, na ƙara wata ledar, na ɗaure kowacce da ƙarfi. Na ce ko wata shida zai yi, ba zai bushe ba. Kawu ya kulle ɗakin ya sa makullin a cikin na motarsa.

Bayan hutun sabuwar shekararsu sai garin ya canza. Ba ruwan sama ba ne. Wata safiya na tashi na ga bango yana gumi. Madubi ya rufe, tayil ya jiƙe kamar an yi wanki, ruwa yana ɗiga daga silin na matakala. Kayan da Anti ta shanya suka kwana uku ba su bushe ba, suka fara wari. Littattafan cikin kwali suka kumbura. Anti ta yi abin da kowa zai yi a gida, ta buɗe tagogi duka da ƙofar baranda don iska ta shiga ta busar da ɗakin. Kwana biyar muna haka, abin yana ƙaruwa.

A rana ta shida tsohuwar da ke ƙofar kusa da mu, wadda muke kira Ayi, ta ƙwanƙwasa. Ba ta taɓa shigowa ba, gaisuwar kai kawai muke yi a lif. Ta shigo da silifas ɗinta ta bi tagogin tana rufewa ɗaya bayan ɗaya, tana faɗa kamar mu 'ya'yanta ne. Da ɗan Sinancin da na koya na gane tana cewa iskar kudu ce, ita ke ɗauke da ruwan, idan ta zo rufewa ake yi. Ta koma ta kawo mana wasu jakunkuna da ake ratayewa su sha danshi. Tana fita ta tsaya a wurin takalma, ta ɗaga takalmin Kawu na fata, na zuwa Juma'a, ta nuna mana. Ya yi gashi fari da kore.

Na kalli ƙofar ɗakin ajiya.

Da yamma Kawu ya dawo a gajiye, wata kwantena ta maƙale masa. Na tsaya a bakin falo da maganar a bakina. Ya ɗago ya ce, "Sakina, lafiya?" Na ce lafiya, na koma ɗaki. Na gaya wa kaina leda biyu ce, iska ba ta da hanyar shiga. Na sake tsayawa washegari, na sake komawa. Haka na yi mako uku. Wannan shi ne abin da har yau ban yafe wa kaina ba, ya fi man da na zuba.

Sai Umma ta kira ranar da ba Lahadi ba. Ta ce Baba Tsoho ya faɗi a tsakar gida, yanzu ba ya tashi, kunu ma sai da lallashi. Ta ce wa Kawu, "Yaya, ni ban taɓa sa baki a maganar nan ba. Amma duk wanda ya shigo gaishe shi sai ya tambaya ko an kira daga Sin. Ka san abin da yake jira."

Kawu ya daɗe zaune da wayar a cinyarsa. Sannan ya zaro makullin ya miƙo mini.

Tun kafin in kwance leda ta biyu warin ya fito. Zanin gadon ya manne. Da na ɓare shi sai na ga fatar baki biyun ta yi kore da baƙi, ta yi laushi kamar ganyen da ya kwana a miya. Man da na zuba da danshin da ledar ta kulle a ciki sun haɗu sun cinye ta. Kawu ya ɗauka ya rataya a kafaɗa, ya sa a hammata, ya matsa kaɗan. Tsarkiya uku suka tsinke lokaci ɗaya. Ya ɗora yatsa a kan fatar, yatsan ya shige.

Anti ta ce, "Innalillahi."

Na jira a yi mini faɗa. Da an yi da na fi jin sauƙi. Kawu ya sauke shi a hankali ya ce, "Ni na kulle shi." Ya ce in sa hijabina, Sinancina ya fi nasa.

Kwana biyu muna yawon neman fata. Mahautan Musulmi na Xiaobei suka ce naman a feɗe yake zuwa musu, "me yo", babu. Aka kwatanta mana wani shagon kayan kiɗa wajen Liuhua. Mai shagon ya fito da fatar ɗan akuya ta gaske, siririya. Kawu ya ɗaga ta a haske, ya shinshina, ya ce ita ce. Mutumin ya ce wannan ta nuni ce, zai ɗauko mana sabuwa daga ciki, ya kawo a naɗe cikin takarda, an manne da salatif. Kawu da ke gargaɗin baƙi kullum kada su karɓi kaya ba su buɗe ba, ranar bai buɗe ba, sauri yake yi. A gida ya jiƙa ta a roba don ta yi laushi. Bayan awa biyu tana nan tana yawo a kan ruwa yadda aka sa ta. Roba ce aka yi mata zanen ƙofofin gashi. Da muka koma, wani yaro ne a shagon, ya ce lawban, wato mai shagon, ya yi tafiya, fatar nunin ma an sayar.

Lahadi ta zo. Kawu ya kankare ruɓaɓɓiyar fatar, ya wanke kangon, ya bar itacen tsirara a kan tabarma. Ya ce shi zai yi bayani. Na ce a'a, ni aka ba. Ban san inda na samo muryar ba.

Umma ta riƙe wa Baba Tsoho wayar. Fuskarsa ta ragu, hularsa ta yi masa yawa.

"Amaryata."

"Baba, kalangun ya lalace. Ni na lalata shi."

Na gaya masa komai, man da ledar da bangon da ke gumi. Ya rufe ido yana ji, har na ɗauka barci ya ɗauke shi.

"Kin ce bango yana gumi?"

"I, Baba."

"Bangon ɗaki."

"I."

"To ni ina zan san da wannan? Abin da na ce ki yi kika yi. Ni ne ban san garin ba." Ya numfasa. "Itacen fa, ya tsage?"

Kawu ya matso ya ce, "Bai tsage ba, Baba."

Wannan ne karo na farko da suka yi maganar kalangun baki da baki. Baba Tsoho ya kalle shi ta cikin wayar ya daɗe.

"Sabo. Ɗauki gula ka buga mini a haka."

"Baba, babu fata."

"Na ji. Buga."

Kawu ya rataya kangon, ya ɗauki lanƙwasasshen sandan, ya fara buga bakin itacen. Hannunsa bai manta tafiyar ba. Hammatarsa tana matsawa tana saki, amma babu tsarkiyar da za ta amsa. Ƙwas, ƙwas, ƙwas, murya ɗaya, ba hawa ba sauka, tsakuwoyin ma sun zube tun da aka cire fatar. Ya yi kamar minti ɗaya ya tsaya.

Baba Tsoho ya ce, "Hannun yana nan. Amma ban ji abin da ya ce ba."

Sai ya kira Umma da sunanta, ya ce ta duba saman randa a ɗakinsa, akwai fata biyu da ya gyara tun bara, da damin tsarkiya. A ba duk wanda zai tafi. Ya ce wa Kawu, "Idan ta zo ka ɗora, sai ka kira ni. Ina nan."

Lokacin baje kolin Pazhou ya kusa, 'yan Kano suna ta shirin zuwa. Umma ta samu wata Hajiya mai sayen atamfa da za ta iso bayan kwana tara. Na rubuta kwanakin a bayan littafin lissafina ina sokewa. Na soke huɗu. A na biyar, ranar Alhamis, ina dawowa daga makaranta na tarar da takalma da yawa a ƙofarmu.

An yi zaman gaisuwar rasuwar Baba Tsoho a ofishin Kawu, an ture kwalaye an shimfiɗa darduma. Ni da Anti da mata muna can ciki bayan labule. A rana ta huɗu Hajiyar ta iso kai tsaye daga filin jirgi, ba ta san harkar shanu Kawu yake gaya wa mutane ba. Ta yi gaisuwa, ta zaro wata jaka ta miƙa wa Kawu a gaban kowa.

"Ga saƙon marigayi. Fatar kalangu ce wai, da igiyoyinta. Ƙanwarka ta ce shi da kansa ya zaɓa, ya ce kada a ninke."

Ta gefen labule ina ganin Kawu da jakar a hannu. Zai iya cewa samfur ne. Ya buɗe, ya fito da fatar, ya shafa ta da bayan hannu.

"Ubana makaɗi ne," in ji shi. "Na mahauta. Kakana ma haka."

Alhaji Mudi ya gyara zama ya duƙar da kai. Can ya ce, "Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta." Bayan an shafa ya ƙara da cewa, ƙasa-ƙasa, "Ashe kana zaune muke ta suna da na'ura."

Malam Isufu kuwa, washegari ya aiko mana da na'urar busar da ɗaki.

Kawu ya ɗora fatar da kansa, ya yi kwana uku yana ɗinki yana warwarewa. Da ya gama bai buga ba, domin ba a kiɗa a gidan makoki. Ya rataye shi a falo har aka yi arba'in.

Ranar Lahadin da ta biyo baya, da la'asar, ya sauke shi. Daga ni sai Anti. Ya buga sau ɗaya, ya matsa, muryar ta hau ta sauko, sai na ji kamar an buɗe ƙofar zaurenmu. Anti ta rufe fuska da mayafi.

Taken gidanmu sunaye ne. Kalangun yana kiran iyayen gidan ɗaya bayan ɗaya, daga na farkon da ya fara rataya shi har zuwa mai riƙe da shi, kowa da ɗan kirarinsa. Kawu ya kira na farko, ya kira na biyu, ya kira na uku. Sai sandan ya tsaya a sama. Ya koma farko. Ya sake tsayawa a wurin.

"Akwai mutum biyu a nan kafin a zo kan Baba," in ji shi. "Sakina, ke da kike zama kusa da shi, kin riƙe?"

Na ce ban riƙe ba. Na sha jinsa, amma ban taɓa sanin ana ƙirgawa ba.

Ya miƙa hannu ya ɗauki wayarsa a kan kujera, ya buɗe, ya fara neman lamba. Sai ya tsaya yana kallon sunan Baba Tsoho. Ya kife ta.

Daga baya mun tambayi Umma, ta ce ita ma sautin kawai ta sani. Abokan kiɗan Baba Tsoho duk sun riga shi tafiya. Ba wanda ya taɓa ɗaukar taken a waya, saboda kullum mai shi yana nan a zaure.

Yanzu idan ana suna a Xiaobei ana kiran Kawu, ya je da kalangun a jakar tafiya, ya kaɗa a hankali saboda na hawan ƙasa. Da taken gidanmu yake buɗewa. Idan ya kira na uku sai ya ɗaga sandan ya bar wurin mutum biyu babu komai, sannan ya faɗa kan Baba. Mutane sun ɗauka salo ne, har Malam Isufu yana cewa wannan shirun ne ya fi so. Ni dai idan an zo wurin, ƙasa nake kallo har ya wuce.